Gefen da Hoto Bai Nuna Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba Isifu
yana buga jikin mota a Suwame,
inda guduma ke amsa wa guduma tun asuba,
har kunnensa na hagu ya riga shi yin ritaya.
Yanzu garejinsa tebur ne a tsakar gidanmu na Abuwabo,
ƙafa ɗaya an tokare ta da marfin kwalba.

Motocin da yake ƙerawa ba su taɓa shan kwalta ba.
Irin waɗanda kamfani kan yi guda ɗaya tak,
a ɗora a dandamali mai juyawa,
a tafa, a ɗau hoto, a ja ƙofar sito.
Ya tsince su a wata mujalla mara bango
da mai ƙosai ta fara yagewa
za ta naɗe masa na sidi biyu.
Ya bar mata ƙosan, ya taho da takardar.

Ta wannan watan bakinta na tarwaɗa ne,
rufinta kamar an kife ƙoƙon gilashi.
Ɗaya cikin sha takwas, in ji shi,
ya cika bayan buhun siminti da lissafi,
fensir a kunnen da ba ya ji.

Gwangwanin madara huɗu suka ba da jiki.
Silifan ƙanena da ya tsinke ya ba da taya.
Sitiyari zoben makulli ne.
Rufin kuwa gorar ruwa ce ta roba,
ya gasa ta a kan kyandir,
sau tara tana ƙonewa, a ta goma ta haƙura.
Fenti jan farcena ne. Bai tambaye ni ba.

In an ɗauke wuta ni ce mai tocila.
“Ramatu, yi ƙasa kaɗan,
ba fuskata nake ƙerawa ba.”
Dalma tana narkewa, tana wari,
hannun da ya miƙe ƙofar tirela
yana bin ƙusa mai girman ƙwayar gero da hantsaki,
yana riƙe numfashi kamar mai zare ƙaya.

Sai dai hoton guda ne, daga gaba, ta hagu.
Bayan motar babu wanda ya nuna masa.
Mako uku yana zaune a bayan taksi a zuciyarsa,
yana kallon ƙeyar duk motar da ta bi Kejetiya.
Daga baya ya yanke mata wutsiya irin ta tsattsewa,
ya dasa jajayen duwatsun tsakiyata biyu, su ne fitilu.

Ranar Asabar wani Kwadwo Boakye ya zo daga Akra,
mai tara irin waɗannan a kabad ɗin gilashi.
Ya ɗaga ta, ya leƙa ciki, ya ga har madubi,
ya juya ta, ya yi shiru.
Ya ciro waya, ya shafa, ya miƙa:
ga ainihin bayanta nan,
a daddaɓe, ba wutsiya, fitilu shida a jere
kamar maɓallan rigar ɗan sanda.

Baba ya sa tabarau.
Ya ce a ƙara girman hoton. Aka ƙara.
Kazar maƙwabta ta ratsa ƙarƙashin tebur ta wuce.
Can ya cire tabarau, ya ce,
“To. Su ma sun yi ƙoƙari.”

Kwadwo ya yi dariya har ya dafa bango,
ya ƙirga kuɗi, Baba ya ture masa hannu.
“Taka tana zuwa, mai fitilu shida.
Wannan ba ta kamfani ba ce.”

Tana nan bisa talabijin, wutsiyarta na kallon ƙofa.
Da dare na ji yana tambayar mai shayi
ko akwai gwangwani huɗu marasa lotsawa.
Na tashi, na ɓoye jan farcena cikin tukunyar shinkafa.