Raɗin Suna a Gawon Nama

Alluna goma sha biyu suka iso cikin kwali,
kore shar, kowanne bai wuce tafin hannu ba.
Na Alhaji Arzika ne, mai albasa a Kwalkwalawa,
yana so famfunan fadama su riƙa ba shi labari
yana kishingiɗe a zaure.

Na jona su. Na kira na farko,
sai na bakwai ya amsa.
Na sake kira, duk suka ɗaga murya,
sannan duk suka yi tsit.

Ashe masana'anta ta yi rowar suna,
lamba guda ta rataya wa dukansu,
kamar gidan da aka haifi sha biyu
kowa aka ce masa Modi.
Uwa ta leƙo da akushi: "Modi!"
Wa zai tashi? Tuwo ya huce a hannu.

Sai na zama liman, ba rago, ba goro,
sai siririyar waya mai baki uku
da baƙin gilashi yana ƙyafta mini ido.
Nakan tare allo tun yana hamma,
kafin ya gama farkawa,
in raɗa masa a kunne:
tagwaye shida, ɗigo bibbiyu a tsakani.
Ƙidaya ta ƙare a tara, na ranto haruffa.
Sifili da biyu a gaba,
shaidar a gida aka raɗa, ba a ƙetare ba.

Ina kan na tara aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, zafin azahar ya shigo ba sallama.
Da janareton Luba mai ɗinki ya yi tari ya tashi,
duk taran sun koma Modi.
Ban ce su adana ba.
Sunan da ya tsaya a baki, iska ce.

Na sake daga fari, riga ta jiƙe sharkaf,
ina cusa shi can cikin ƙwaƙwalwa,
inda duhu ba ya sharewa.

Da la'asar Alhaji ya zo, ƙafa duk laka.
"Mi aka ciki, Ladan?"
Na ce ya kira na uku.
Na uku ya amsa, shi kaɗai:
ga ni, famfo a kashe, babu ruwa.

Ya daɗe yana kallo, ya sosa gemu.
"Wanga ya san sunanai.
Jikokina ma sai na kira sau ukku."