Ɗaurin Gwaggo Azumi

Gado na bakwai, ɗakin maza, asibitin Bauchi.
Kwanan Baba tara tun da aka ɗinke masa ciki.
Kan loka kwalayen lemo sun yi sahu kamar masu jiran liman:
na mangwaro, na abarba, na tuffa mai hoton raɓa.
Duk mai dubiya da kwalinsa a leda.
Ni ma biyu na saya a Wunti, na bar wa mai kanti canji
don ya san ko ɗan wane ne.

Sai ga Gwaggo Azumi daga Dass,
motar kasuwa ta sauke ta, ƙafa duk jar ƙasa,
da ɗauri cikin tsohon ɗankwali.
Ta kwance. Dankali ne, dafaffe da ɓawonsa,
guda shida, ɗaya ya fashe a hanya,
da ƙullin garin ƙuli.
Na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafata.
Allah ya gani, ita ma ta gani.

Bayan azahar Sista Rifkatu ta shigo awon jini,
ta dubi lamba, ta dubi loka, ta dube ni.
Ta juya kwali, ta karanta ƙananan baƙaƙen bayansa,
waɗanda ban taɓa damuwa da su ba.
Ta ce, "Ruwa da sukari ne suka ari sunan mangwaro.
Ko wanda aka matse a gabanka,
an tace zaren an watsar,
shi ne kuwa tsintsiyar hanji.
Wannan ɗan acaɓa ne, da gudu yake shiga jini,
kafin la'asar ya sauke ka a tashar yunwa."

Ƙamshi ya tona mini asiri.
Ta sunkuya, ta jawo ɗaurin da kanta.
"Wa ya kawo wannan?"
Gwaggo ta ɗaga hannu kamar mai laifi a gaban alƙali.
"Kin kyauta, Mama. Shi amalanke ne,
a hankali yake tafiya, amma da kaya a bayansa.
Ban ce a cinye buhu ba,
shi ma da zaƙinsa, a ci da awo.
In kuma lemo ake marmari,
a ɓare, a tauna har tsokar."

Baba ya ci rabi, ya huta, ya ƙarasa.
Ya tambayi kunyoyin nan na gindin dutse,
ko birai sun bar wani abu bana.
Tun ranar tiyata ban ji ya yi dariya ba sai yau,
yana yi yana dafe ɗinki.

Gwaggo ba ta ce mini komai ba.
Da ta zage ni ma, da ya fi mini sauƙi.
Na huda mata kwali ɗaya, ta kurɓa, ta lumshe ido,
ta ce, "Daɗi kam akwai.
To, ina abincin?"

Da yamma na raka ta tasha.
Mota na shirin tashi ta miƙo mini fasasshen nan ta taga,
ya huce, ya ɗan manne da ɗankwali.
A cikin keke na ci shi, tsakanin 'yan makaranta biyu,
da ɓawon, da garin ƙulin,
ban juya baya ga kowa ba.