Littafin Ƙirga

Asabar, bayan asuba, kafin masu shayi su hura wuta,
mu biyar ne a bakin kududdufin nan na bayan Ɗorayi.
Babu mai biyan mu. Babu ma wanda ya aiko mu.
Tasi'u mai walda ya zo da manjagara.
Balaraba ta sauko daga aikin dare a asibiti,
farin takalminta a jaka, na roba a ƙafa.
Ni littafi ne rabona, da biro mai gardama in ya ji sanyi.

Ɗari ya kwana a cikin ruwa.
Tururi na tashi kamar yanzu aka buɗe tukunya.
Muna tsamo leda, baƙa da fara,
silifa wari ɗaya, katifar da wani ya gaji da ita.
Kainuwa mu ja ta gefe,
mako ya zagayo ta koma inda take;
dashen Allah ce, ina ruwanta da manjagara.

Baba Tanimu ba ya shiga ruwa, gwiwa ta hana.
Yana zaune a gindin gawo,
itacen da ke tofo sa'ad da kowa ya zubar,
riƙe da madubin hangen nesa mai ido ɗaya.
Ɗayan ya tsage tun shekarar da aka rufe masaƙa,
aka sallame su da rabin albashi.
Shi ke kira, ni ke rubutawa:

Kirinjijiya, goma sha tara.
Zalɓe ɗaya, tsaye kamar mai bin bashi.
Ladin kogi biyu, ƙafa jawur, sun sha lalle.
Kazar ruwa... a'a, jin ta na yi, ban gan ta ba,
kada ka rubuta abin da ido bai shaida ba.

Guza ya hau tsohuwar taya yana jiran hantsi.
Shi ma na sa shi, a gefen shafi.

Na juya baya, shafin bara.
Kirinjijiya arba'in da ɗaya.
Ban faɗa ba. Baba ma bai tambaya ba.
A gabas da ruwa tifa ta juye yashi cikin dare,
an kafa turke huɗu na siminti, kawunansu da jan fenti.
Tasi'u ya je ya tsaya a kansu ya daɗe,
ya dawo ya ci gaba da jan kainuwa
da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

Sai baƙin da ba mu san sunansu ba,
'yan mitsi-mitsi, ƙirji rawaya, wutsiya ba ta zama.
Baba ya raɗa musu 'yan ci-rani.
Sukan sauka bayan an kai gero rumbu,
su tashi kafin mangwaro ya nuna.
Sun ƙetaro hamada da ƙirjin
da bai kai ƙwallon goruba ba.

Sagiru ne ya gani.
Yaron da ya fara zuwa nan da danƙo a aljihu,
yau ya fi mu duka iya yin shiru.
Ya taɓa kafaɗata, ya nuna da haɓa:
ɗaya daga cikinsu, can a bakin laka,
da ɗan zobe na ƙarfe a ƙafar hagu.

Muka yi ta miƙa wa juna madubin.
Akwai rubutu a jiki, ido ɗaya bai isa karanta shi ba.
Balaraba ta duba, ta ce Allah mai iko,
ta jingina da gawo, barci ya sace ta.

Ashe wani, a wata ƙasa mai nisa,
ya taɓa riƙe wannan 'yar a tafin hannunsa,
ya ji bugun zuciyarta a yatsunsa,
ya buɗe littafinsa ya rubuta, sannan ya sake ta.
Ban san harshensa ba.
Ban san ko nasa ruwan ma ana cike shi da yashi ba.

Daga titi an fara jin ƙarar 'yan adaidaita.
Na hura wa biro numfashi,
na rubuta kwanan wata, na rubuta Kano,
a ƙasa na ƙara: ta iso lafiya.