Ƙanƙara a Rumfar Bappa Giɗaɗo

A Garwa, cikin bazara, ko kwalta gumi take yi.
Na turo kulata rumfar Bappa Giɗaɗo,
inda dala ashirin ke saya maka benci da duhu
da yaƙin mutanen da ba ka san kakanninsu ba.

Allon ya yi fari fat.
Muka ce na'urar ce ta lalace,
sai farin ya motsa, ya ɗaga bindiga.
Ashe mutane ne, sun sa likkafani tun da ransu,
suna jan ciki a ƙasar da ba ta da ƙasa,
ba kuka, ba giginya, ba ko akuyar da za a tambaya hanya.
Numfashinsu na fita kamar hayaƙin murhu,
gemunsu ya yi furfurar dare ɗaya.

Ni kuwa lissafi nake.
Dutse guda na ƙanƙara, dala ɗari na saro shi da asuba,
kafin la'asar rabinsa ya tsere ta gindin kula.
Ga waɗannan suna mutuwa a kan jarina,
suna taka shi, suna tsine masa,
tun daga ƙafarsu har inda sama ta ƙare.

Talle mai fassara bai jin yarensu, mu ma mun sani,
amma ya rantse babban cewa ya yi:
"Yara, wanda ya yi barci ya tafi ke nan."
Aka yi dariya. Fanka na juya zafi daga wannan kai zuwa wancan.
Wani yaro a allon ya cire safar hannu,
yatsunsa baƙi kamar gawayi,
yana son jan kunamar bindiga, sun ƙi jin magana.
Goge na yi masa kuka daga wani wuri.

Nan wuta ta ɗauke.

Tsaki, zagin kamfani, neman takalma a duhu.
Kofur Garga kaɗai bai tashi ba,
shi da ba ya zancen shekarunsa na kaki
ko an saya masa shayi.
Ya ce, "Ɗan nan, sammini ƙanƙara."
Na fasa masa ɗan guntu. Bai kai baki ba.
Ya damƙe shi, ruwa na bin gwiwar hannunsa.

Ya ce, "Ƙarya biyu suka yi.
Ba a goge a wurin.
Kuma ba mai faɗuwa da kyau haka."
Ya yi shiru har na ji jirgin sauro.
"Amma ka ga wanda suka bari a baya?
Sanyi zai riƙe masa fuskarsa.
Ko bayan shekara goma uwarsa ta zo, za ta gane shi.
Namu, kwana uku rana ke ba su."

Ya buɗe tafinsa. Babu komai sai laima.
Ya shafa a fuska kamar mai gama addu'a,
ya laluba aljihu zai biya.
Na ce ya bari.

Janareto ya yi tari, ya kama.
Yaron yana nan inda muka bar shi,
yatsunsa ba su lanƙwasu ba.
Na leƙa kula: saura ruwa, da kwalba biyu na zoɓo
suna iyo.