Ranar da Kaya Ya Goya Ni

Shekara talatin da ɗaya ina dako.
Na fara a Kawo da gammon tsumma,
na koma Rigasa da jirgi ya dawo.
Sanƙon nan da kuke gani ba gado ba ne,
buhun masara ne wanzamina.

Wata Talata jirgin yamma ya zazzage mutane.
Ni da Jatau muna tsaye
kamar zalɓe a bakin gulbi,
kowa na zaɓen kifinsa da ido.
Sai ga wata da rigar asibiti ƙarƙashin gyale
tana jan akwati ruwan toka.
Na ce a raina, wannan rabona ce.

Kafin in ce "A kawo, ranki ya daɗe,"
ta taka wani abu,
akwati ya zaro harshe mai taya,
ya miƙe wuya kamar na keke.
Ta ɗora hagu, ta tunkuɗa da dama,
suuu!
Iskarta kaɗai na ɗauka,
ita kuwa ba a biyan ladanta.

Jatau ya riƙe haɓa.
"Nadabo, tamu ta ƙare.
Yau kaya ya yi ƙafa, gobe zai yi baki,
ya yi cinikin a-daidaita da kansa."
Na yi dariya da haƙora,
ciki kuwa yana lissafin kwanon shinkafa
da bashin mai chemis na maganin baya.

To, amma siminti iyakarsa ƙofa.
Bayan ƙofa Rigasa ce, kuma watan Agusta.
Ruwan daren jiya ya kwanta abinsa,
jar laka ta buɗe baki.
Tayoyin nan, ƙanana kamar murfin kwalba,
suka nutse har wuya.
Ta waiga, takalmi ɗaya a hannu:
"Baba, don Allah."

Na cicciɓa.
Ba aljani a ciki, ba siddabaru,
nauyinsa nauyin akwati ne,
kayan sawa, littattafai, wataƙila dambun nama.
Ya zauna kan gammona
kamar duk 'yan uwansa da suka riga shi.

A bakin titi motarta ba ta iso ba,
wai ƙaninta ya maƙale a Bakin Ruwa.
Muka fake a gidan mai, daɓe sumul.
Kuyet, haka na ji ta faɗa a waya.
Ta goge tayoyin da takarda,
ta dube ni, ta dubi wuyana.
"Baba, ka taɓa hawa?"

Ni? Da furfura?
Na tattare riga, na yi bisimilla.
Tunkuɗa ta farko na kusa sumbatar famfon kananzir.
Ta biyu gwiwa ta daina rawa.
Ta uku,
jama'a, ta uku!
Hulata ta tashi, ban bi ta ba.
Yaran gidan mai suna tafi,
Jatau daga tsallake yana ihu in sauko kafin in karye,
ni kuwa na zaga famfo sau huɗu.
Shekara talatin da ɗaya kaya na hawana,
yau ga ni a bayansa, yana gudu, bai ko yi nishi ba.

Ta ba ni dubu ɗaya. Motar ta zo.

Da dare Lantana tana shafa min man zafi,
wuya yana ciwonsa kamar kullum,
shi ba a gaya masa komai ba.
Ta ce, "Me ya sami ƙafarka ta dama
take ta shurin tabarma?"