Awon Goggo Fanna

An girbe hatsi, an kai rumbu,
gyaɗa ta cika kasuwar Dole har tiya ta faɗi.
Sai sanyi ya shigo Damagaram ba sallama,
ya kwana a kan duwatsu,
da asuba ya gangaro Birni
yana laluben ƙafafunmu ta ƙarƙashin ƙyaure.

A irin wannan lokaci gidanmu uku yake rabuwa.

Mutari na kunun tsamiya ne.
Yana son citta ta kama shi a maƙogwaro,
kanumfari ya biyo baya, masoro ya rufe ƙofa,
ya sha yana share hanci da bayan hannu,
ya ce yanzu ne ya san yana da yatsu.
In babu gaya a ƙasan ƙwarya
sai ya ce ruwa aka ba shi.

Baba kuwa kunun kanwa,
wanda launinsa ke kama da ginin soronmu.
Muka ce, Baba, ai na masu jego ne.
Ya ce, to, ni ne na haifi gidan nan,
ku miƙo.

Ni, tun ina zuwa lakwal da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi,
kunun gyaɗa nake jira.
Fari, mai nauyi, shinkafa ta fashe a cikinsa,
ruwan tsamiya kaɗan a ƙarshe don ya kama jiki.
In ya huce ya yi fata a sama,
wannan fatar ni da ƙanwata Yagana
mun yi gaba a kanta har kwana biyu.

Tukunya ɗaya, murhu ɗaya, Goggo ɗaya.
Ta ce, kowa da ranarsa.
Amma na lura, ban faɗa wa kowa ba,
ranar gyaɗa ta fi saurin zagayowa.

Bana hannunta ya soma rawa.
Ludayi na buga bakin tukunya, ƙwas ƙwas,
kamar baƙon da ke jin nauyin shiga.
Ta zauna a tabarma, zane biyu, ɗankwali har kunne,
ta ce, ke, zo ki dama.

Na zo da takarda da alƙalami.
Goggo, gyaɗa nawa?
Ta ce, daidai.
Ruwa fa?
Ta ce, wanda ya rage a jarka,
tunda famfo bai zo ba tun Talata.
Sukari?
Ta dube ni kamar na tambaye ta nauyin hayaƙi.
Ta ce, Kaltuma, ajiye takardar nan,
ko ki sa ta a wuta ta yi mana amfani.

Na daka, na tace, na ɗora.
Na juya kai kaɗan in kori akuya daga bakin turmi,
farin ruwa ya taso, ya yi bori,
ya kashe mini rabin garwashi.
Ta yi dariya har tari ya karɓa.
Ta ce, gyaɗa ba ta son a ba ta baya,
ni ma a wannan murhu ta yi mini haka
shekarar da aka haifi ubanki.

Na zuba mata a ƙaramar ƙwaryar da aka ɗinke da zare.
Ta riƙe da hannu biyu, ba ta sha ba tukuna,
ta bar tururi ya hau fuskarta.
Hannun ya ɗan natsu.
Ta kurɓa. Ta yi shiru.
Daga masallacin unguwa liman ya yi sallama,
wani mai babur yana ta fama inji ya ƙi tashi.

Ta ce, tsamiyar ta yi yawa.
Ta sake kurɓa.
Ta ce, shinkafar ma da saura.

Sai ta miƙo ƙwaryar, babu komai a ciki,
ta ce, ƙaro.
Gobe ranar Mutari ce,
ki jiƙa tsamiya tun da dare.