Filafili Ɗaya

Ni ne Yansambu, mai ƙetarar da malamai.
Kullum asuba ina gaɓar Gamkalle,
Yamai na hamma a bayana,
jirgina na shan ruwa ta haƙarƙari,
ina kwarfewa da rabin jarka.

Darakta uku na ɗauka cikin shekara biyar.
Na farko ya zo da fenti,
ya shafe bangon lakwal shuɗi har ƙasa.
Jan ruwa ya iso a watan takwas,
ya duba fentin, ya tafi da bangon.

Na biyu ya zo da doka cikin jaka:
ƙarfe takwas, ko minti ba ragi.
Bai tambayi kowa ba
me ya kai rabin aji cikin shinkafa
suna korar jan-baki da gwangwani.
Ya rubuta wai iyayen tsibiri ba sa son boko.
Ni na kai takardar hayi.
Da yake ban iya karatu ba,
har hulata na rufa mata kada ta jiƙe.

Na uku dorina ta ɗaga masa kai sau ɗaya,
ya nemi canji.

Sai Madam Balkisa, takalmi a hannu.
Muna tsakiyar kogi ta ce,
“Baba, yaushe ruwan nan yake hawa?”
Shekara ashirin da uku ina tuƙi,
abin da ake tambayata bai wuce kuɗin fito ba.
Na ce ruwa biyu ne: ja na damina mai fushi,
da baƙi na sanyi mai zuwa a hankali.
Ta ce in ba ta filafili.
Ta tuƙa ta dama, ta dama, ta dama,
jirgi ya yi ta kewaya kansa kamar akuya a turke.
Ta yi dariya har da hawaye,
can ta yi shiru tana kallon rufin lakwal.

Ran Asabar muka taru gindin mangwaro.
Tamo mai kifi ta ce kuɗin iyaye
a gwangwanin tumatir za su zauna,
a ƙirga su gaban kowa, da rana.
Alzuma magini ya ce a bi awaki,
inda suke gudu in ruwa ya taso, nan ne wurin aji.
Mushe Laminu, wata uku ba albashi,
ya faɗi dalilin da Litinin ba ta ganinsa.
Sannan Zalika ’yar aji shida ta miƙe,
murya na rawa,
ta ce makewayin ’yan mata ba shi da ƙyaure.
Manya duk muka dubi ƙasa.

Kada a ce an sha zuma.
Tamo da Alzuma sun yi sati biyu ba gaisuwa
kan buhun siminti ɗaya.
Sufeto ya zo, babu kujera, ya zauna tabarma,
ya ƙi sauya lokacin shiga aji,
ya ƙi, ya ƙi,
sannan ya ce to, watan tsuntsu kaɗai,
kuma shi bai sa hannu a komai ba.

Har yau aji biyu na zana ne,
littafi ɗaya kai uku ke sunkuya masa.
Amma makewayi ya sami ƙyaure,
katakon tsohon jirgina ne.
Ni ma an ba ni aiki:
in ƙirga yaran ƙananan tsibirai da na ɗauko,
in faɗa wa Madam wanda babu,
ita ta faɗa wa Tamo,
Tamo ta ɗaura zani ta nufi gidansu.

Jirgin bai daina yoyo ba.
Jiya ina tuƙi na ji ƙarar jarka a bayana.
Mushe Laminu ne, ya naɗe wando,
yana kwarfewa,
ran Litinin.